Cikin Gajimare, Jiki Ba Magayi Ba Ne

A shekarar 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Amurka suka tara matuƙan ƙananan jirage su 20. Kowannensu ya iya tashi da sauka, amma babu wanda aka taɓa koya wa tuƙi ba tare da kallon waje ba. Aka riƙa hawa da su ɗaya bayan ɗaya a jirgi na gaske, da malami a gefe, sai an yi sama a rufe musu ganin waje a ce su ci gaba. Ko ɗaya bai kai labari ba. Mutum 19 daga cikinsu sun faɗa wani irin juyi da jirgi ke yi yana gangarowa, wanda matuƙa ke wa laƙabi da juyin kabari. Da aka haɗa lokacin da suka iya riƙe jirgin aka raba, sai ya kama daƙiƙa 178 ga kowane mutum. Ko minti uku bai cika ba.

Abin da ya gagare su shi ne tuƙi da na'ura, ilimin da ake ba da shaidarsa daban a ɗora a kan lasisin matuƙi. Lasisin farko na ido ne. Mai shi yana daidaita jirgi da layin can da sama ta haɗu da ƙasa, yana gane hanya da kogi da titi da gari. Doka ta hana shi kusantar gajimare, kuma a mafi yawan wurare dole ya iya hangen kilomita 5 a gabansa. Wanda ya samu shaida ta biyu shi ake yarda ya shiga inda wani lokaci ko ƙarshen fiffike ba a gani, ya yi sa'o'i a ciki, ya ɓullo daidai kan titin da ya nufa.

Bahaushe ya ce jiki magayi, kuma a doron ƙasa gaskiya ne. A can cikin kunnen mutum akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu siraran gashi masu jin motsin ruwan. In kai ya juya, ruwan kan ɗan yi jinkiri, gashin ya kwanta, ƙwaƙwalwa ta samu labari. Wannan tsari ya wadatar da mai tafiya da ƙafa, amma yana da rauni biyu. In juyi ya zo a hankali sosai, kunne ba ya jin sa ko kaɗan. In kuma ya daɗe kamar daƙiƙa 20 bai canza ba, ruwan kan bi sahun bututun, sai mutum ya ji kamar ya tsaya alhali yana kan juyawa. Ya tsaya da gaske kuwa, sai ya ji yana juyawa ta ɗaya gefen. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san wannan: ka tsaya cak, duniya ta ƙi tsayawa. A fili ido ne ke gyara kuskuren nan take. Cikin gajimare babu abin da idon zai kama.

Ga yadda juyin kabari ke somawa. Fiffike ɗaya ya sauka kaɗan kaɗan, matuƙi bai ji ba. Jirgin da ya karkata hancinsa kan sunkuya, gudu ya ƙaru, ƙarar iska ta tashi. Matuƙi ya ga yana rasa tsawo, sai ya ja sitiyari don ya hau. Amma jan sitiyari a karkace matse da'irar yake yi, jirgin ya ƙara nutsewa. Duk wannan lokacin nauyin jikinsa yana danna kujera daidai, yana tabbatar masa cewa a miƙe yake. Maganin bai da tsawo: daidaita fukafukai tukuna, sannan ka ɗaga hanci. Sai dai wa zai daidaita abin da ya rantse daidai yake? A daren 16 ga Yuli, 1999, John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard tare da matarsa da 'yar'uwarta. Masu bincike ba su samu wata matsala a jirgin ba. Dare ne mai hazo, ƙasa ruwa ne babu fitila, shi kuma bai kammala karatun tuƙi da na'ura ba.

Hanyar fita daga wannan tarko an nuna ta tun ranar 24 ga Satumba, 1929, a filin Mitchel kusa da birnin New York. Wani sojan sama, Jimmy Doolittle, ya shiga kujerar baya ta ƙaramin jirgi aka lulluɓe shi da tamfol. A gabansa akwai sababbin agogai: ɗaya na kamfanin Sperry mai zana layin sama da ƙasa ta hanyar wani faifai da ke juyawa da tsananin gudu ba ya yarda a karkatar da shi, ɗaya mai riƙe alƙibla, da kuma na Paul Kollsman mai auna tsawo daidai. Ya tashi, ya zaga, ya bi siginar rediyo ya sauka, cikin kamar minti 15, bai leƙa waje ba. Wani matuƙi, Ben Kelsey, na zaune a gaba don ko ta kwana, bai taɓa komai ba. Duk jirgin fasinja da ke ratsa gajimare a yau a kan wannan gwaji ya tsaya.

Mai neman shaidar yanzu ma da lulluɓi yake farawa. Ana sa masa wata hula mai dogon baki ko tabarau mai dushe sama, ba ya ganin komai sai allon gabansa. A kan allon akwai agogai shida, ko hotunansu a gilashin kwamfuta: na gudu, na tsawo, na saurin hawa da sauka, na alƙibla, na juyi, da na tsakiya mai nuna zaman jirgi. Gwanintar tana cikin yadda ido ke yawo a kansu. Daga na tsakiya zuwa na tsawo, a dawo tsakiya, a leƙa alƙibla, a dawo, ba tsayawa. Sabon ɗalibi kan ƙura wa agogo ɗaya ido don ya gyara ƙafa 50 da ta kuɓuce masa, kafin ya ɗago jirgin ya kauce digiri 30. Yakan ce, "Malam, ina jin muna karkata hagu." Malam ya ce, "Wa ya gaya maka? Duba agogonka."

In ido ya saba, sai malam ya ƙara nauyi. Ya ce ɗalibi ya rufe ido ya sunkuyar da kai, ya jujjuya jirgin har kunne ya rikice, ya bar shi a karkace yana nutsewa, sannan ya ce, "Karɓi jirginka." Wata rana ya manna takarda a kan agogon tsakiya, kamar ya lalace, ɗalibi ya nemo zaman jirgi daga sauran. Domin agogo ma yana ƙarya. Yarda da na'ura ba ta nufin miƙa wuya ga guda ɗaya. Kowane agogo sai 'yan'uwansa sun gaskata shi. In na tsakiya ya ce a miƙe ake, amma alƙibla na zamewa, tsawo na raguwa, gudu na ƙaruwa, to uku sun rinjayi ɗaya.

A dokar Amurka, kafin a zauna jarrabawa sai mutum ya tara sa'a 50 na tafiya tsakanin garuruwa shi ne shugaban jirgi, da sa'a 40 na tuƙi da na'ura, 15 daga ciki tare da malami. Ranar gwaji ba a yarda ya kauce fiye da ƙafa 100 a tsawo ko digiri 10 a alƙibla ba, alhali yana karanta taswira, yana rubuta umarnin masu kula da zirga-zirgar jirage, yana maimaita musu shi da Turanci. In suka ce ya jira, sai ya shiga dogon zagaye a kan wani wuri da rediyo kaɗai ya san da shi: minti ɗaya a miƙe, ɗaya a juyi, ɗaya a miƙe, ɗaya a juyi, yana lissafin yadda iska ke tura shi. In aiki ya yi yawa, tsarin fifiko bai canzawa: riƙe jirgi tukuna, sannan sanin inda kake, sannan magana.

Duk da haka hula ba gajimare ba ce. Mai hula yana satar labari ko bai so ba, daga hasken rana da ke yawo a kan allo, daga ɗan ƙasar da ke leƙowa ta gefen ido, kuma ya san in ya cire ta duniya na nan. Shi ya sa matuƙa ba sa manta shigarsu ta farko. Gajimaren da ake gani daga nesa kamar ba ya motsi, in an kusance shi sai ya taso da gudu. Jirgi ya ɗan girgiza, haske ya koma toka-toka, ruwa ya fara bugun gilashi. Babu sama, babu ƙasa, babu abin cirewa. In da fitilu masu walƙiya a fukafukai akan kashe su, don haskensu kan dawo ya ruɗa ido. Can sai jikin ya fara magana, da ƙarfi, cewa jirgin ya kwanta gefe. Agogai suna cewa lafiya lau. Wasu har kafaɗarsu kan karkata a kan kujera alhali hannunsu na riƙe da jirgi a miƙe. Horo bai kashe wannan ji ba, ko a wajen mai sa'o'i dubu goma. Abin da ya koyar shi ne a ji, a ƙi amsawa, ido ya ci gaba da zagayensa, yatsu su sassauta. In aka daure, jin kan lafa da kansa. Ladan kuma yakan zo ba zato: gilashi ya yi fari fat, jirgi ya ɓullo cikin rana, gajimaren duk yana ƙarƙashi.

Hawa ta cikinsa shi ne mai sauƙi. Ƙwarewa tana bayyana wajen sauka. A manyan filaye akwai tsarin da ake kira ILS: sigina ɗaya tana nuna tsakiyar titi, ɗaya tana shimfiɗa gangara ta digiri 3 har bakinsa. A gaban matuƙi allura biyu ne, ta tsaye da ta kwance, aikinsa ya riƙe su a giciye a tsakiya. Yana kusantowa suna ƙara tsauri, gyaran da ya isa a nesa ya zama ɓarna a kusa. A matakin farko na tsarin ana sauka har ƙafa 200 daga ƙasa, wajen mita 60, tazarar da jirgi ke cinyewa ƙasa da rabin minti. Nan zai ɗaga ido. Ya ga fitilun titi, ya sauka. Bai gani ba, ya ba jirgi wuta ya koma sama, babu ciniki, babu "bari in ɗan ƙara".

Shaidar ba ta ba kowa izinin shiga hadari mai tsawa ba, ko gajimare mai sanyin da ke daskarar da ƙanƙara a fiffike. Kuma tana tsatsa, don haka dokar Amurka ta ce a yi irin wannan sauka sau 6 cikin kowane wata shida. Matuƙin helikwaftan da ya faɗi da ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant a Kalifoniya ranar 26 ga Janairu, 2020, yana da shaidar. Ya kutsa cikin gajimare a tafiyar da aka tsara ta ido, ya shaida wa masu kula da hanya yana hawa alhali nutsewa yake.

Wanda ya koyi aikin a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba ya ma bukatar gajimare kafin ya gamu da wannan jarrabawa. Hunturu na ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi ya shafe layin sama da ƙasa, wata rana ko kilomita ɗaya ba a hange. Hazo ba shi da bakin da za a ce nan aka shiga. In jirgi ya zo dab da titin Kano a irin wannan rana ya sake tashi ya nufi Abuja, fasinja kan yi tsaki. Amma shawarar ba a nan aka yanke ta ba. Tun kafin a kunna inji matuƙin ya karanta rahoton yanayi, ya zaɓi filin da zai koma, ya ɗauki man da zai kai shi can har da rara, ya kuma tsayar da tsawon da ba zai wuce ba. Fasa saukar na cikin abin da aka jarraba shi a kai kafin a ba shi shaidar, kuma da shi ake gane wanda ya cancance ta.