Makarantun Katolika a Ƙasar Garwa: Laifin Gwamnati Ne Kaɗai?

In ana ba da tarihin makarantun Katolika na arewacin Kamaru, akan ɗora wa hukuma laifin kome. Akwai gaskiya a ciki. Faransa, wadda ta raba gwamnati da Ikkilisiya tun 1905, ba ta so 'yan mishan su tada hankalin sarakunan Fulani ba. Sai a 1946 Fada Yves Plumey ya iso da limaman ƙungiyar Oblat, aka mai da Garwa cibiyar aikinsu a 1947. A zamanin Ahmadu Ahijo kuwa, wato 1960 zuwa 1982, tsarin mulki ya ce ba ruwan gwamnati da addini, amma samun izinin gina majami'a a arewa sai an sha wuya.

Sai dai masu wannan labari sukan tsallake abin da Ikkilisiya ta yi da hannunta. Mai karatu ya dubi Lagdo. Da aka gama madatsar ruwa a kan Binuwai a 1982, manoma Tupuri da Mafa da Masa suka yi ta gangarowa daga can arewa, masunta kuma suka cika bakin tafkin. A kasuwa Fulatanci da Hausa ake yi. A majami'a akan koyar da katikis da harshen da yaro ke ji. Amma da ya shiga aji, sai Faransanci zalla, tun daga ranar farko. Wannan gadon Turawan mulki ne, makarantar mishan kuwa ta karɓe shi ba gardama sosai.

Maganar kuɗi ta fi ciwo. Tallafin gwamnati ya ragu a ƙarshen shekarun 1980, aka karya darajar Sefa a 1994, nauyin albashin malamai ya koma kan iyaye. A 2000 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a firamarenta, ko da yake iyaye ba su daina biyan wasu kuɗaɗe ba. Manomin auduga mai 'ya'ya shida ya san inda zai kai su. Alhali Majalisar Vatikan ta Biyu, a 1965, matalauta ta ce makarantun Katolika su fi kula da su, kuma 'ya'yan mutanen duwatsu Baba Simon ya nema a Tokombere daga 1959.

Abin mamaki, dokar ilimi ta 1998, ta gwamnatin nan da ake kuka da ita, ta sa raya harsunan ƙasa cikin manufofin makaranta.