Katin Rigakafi na Matafiya: Nazarin Fasalinsa da Harshensa

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Maris na shekarar 2012, hukumomin Afirka ta Kudu suka mayar da 'yan Nijeriya 125 gida tun daga filin jirgin sama, bisa zargin cewa katunansu na rigakafi na jabu ne. Nijeriya ta rama, kuma rikicin bai lafa ba sai da Afirka ta Kudu ta ba da haƙuri. Duk da irin wannan muhimmanci, manazarta harshe ba su cika waiwayar wannan ɗan kati ba. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi launinsa da tsarinsa da harshensa, domin a nuna cewa an tsara shi ne don jami'in kan iyaka, an bar mai riƙe da shi cikin duhu.

2.0 Asalin Katin

Samfurin katin yana ƙunshe cikin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na shekarar 2005, na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Nijeriya, sashen kula da lafiya a tashoshin shige da fice na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya shi yake bayar da shi, kuma daga baya aka fito da sabo wanda ake tantancewa da na'ura. Babbar cutar da yake shaida a kanta ita ce zazzaɓin shawara, wanda sauro yake yaɗawa, wanda kuma ya sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017.

3.0 Launi

Bangon katin rawaya ne. Ga mai jin Ingilishi ko Faransanci, launin kaɗai ya isa bayani, domin a harsunan biyu sunan cutar yana ɗauke da kalmar rawaya. A Hausa kuwa wannan alaƙa ta yanke, tun da sunan da Bahaushe ya sani shi ne shawara. Matsaloli biyu suka biyo baya. Ta farko, a rubutun boko babu abin da ya bambanta shawara ta cuta da shawara ta nasiha. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce faɗin ma'anar kalmar. Duk ciwon da ya mayar da idanu rawaya shawara ne a wurin Bahaushe, ko ya samo asali daga ciwon hanta, ko irin wanda yake kama jarirai. Saboda haka wanda aka ce masa an yi masa allurar shawara yana iya zaton ya tsira daga dukkansu, alhali cuta ɗaya tak allurar take karewa.

4.0 Tsarin Shafi

Zuciyar katin wani jadawali ne mai gurabe shida: sunan allura, ranar da aka yi ta, sa hannun ma'aikacin lafiya da matsayinsa, kamfanin da ya haɗa maganin da lambar rukuninsa, wa'adin aiki, sai hatimin cibiya. Ta fuskar aikin jami'i tsarin abin yabo ne, domin kallo ɗaya ya ishe shi. Amma abubuwa biyu da matafiyi ya fi buƙatar sani ba a ba su wuri na musamman ba. Na farko, shaidar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai cika sharaɗi ba. Na biyu, tun daga 11 ga Yuli, 2016, allura ɗaya ta wadatar tsawon rai, ba shekara 10 ba kamar da, kuma hukuncin ya haɗa da tsofaffin katuna. Wanda yake riƙe da katin da aka rubuta masa ranar ƙarewa, bai kuwa san da wannan sauyi ba, ana iya karɓe masa kuɗi a sake yi masa allurar da ba ya buƙata.

5.0 Harshe

Jimlar da ta buɗe shaidar doguwa ce, mai giɓi-giɓi da ake cikewa da suna da ranar haihuwa da jinsi da ƙasa. Matafiyi yana fitowa a cikinta a matsayin wanda ake magana a kansa, wato mutum na uku, aikatau kuma yana cikin sigar da take ɓoye mai aikatawa. Wannan salo ne na hukuma tana magana da hukuma. Gargaɗin cewa kankare rubutu ko gyara shi ko barin gurbi babu komai yana iya ɓata shaidar, shi ma cikin wannan salon ya zo, ga shi kuwa matafiyi ne zai kwana a ciki.

Abin lura shi ne, dokokin na 2005 sun san da wanda ba ya rubutu, har sun yarda ya sa alamarsa wani ya shaida. Haka kuma, bayan wajabta Ingilishi ko Faransanci, sun halatta a ƙara da wani harshe. Ke nan an tanadi yadda mutum zai sa hannu a kan abin da bai karanta ba, ƙofar da aka buɗe don ya fahimta kuwa an bar ta ga ganin damar kowace ƙasa. Wannan ya shafi maniyyata aikin Hajji matuƙa, waɗanda Saudiyya take neman su da shaidar rigakafin shawara da sanƙarau, da yawansu kuma ajami suka fi ƙwarewa a kai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa katin ya yi nasara a matsayin shaida, ya gaza a matsayin bayani. Gyaran ba ya buƙatar taɓa samfurin duniya. Abin da ya dace shi ne a haɗa shi da shafi ɗaya cikin Hausa, boko da ajami, da takwarorinsa cikin Yarbanci da Ibo, wanda zai yi magana da matafiyi kai tsaye cikin gajerun jimloli: a yi allura kwana 10 kafin tafiya, sau ɗaya ya isa, kada a kankare komai. A shafin Hausa kuma a tsaya kan "zazzaɓin shawara" a ko'ina, tare da ambaton sauro, don kalmar ta daina ɗaukar cututtukan da allurar ba ta shafa ba.