Labarin Hanji, A Tambayi Numfashi

A ce wani magidanci ya taso daga Bosso zuwa Babban Asibitin Minna, ya rame kamar sillan kara, ciki a kumbure. Yana zama ya ce, "Likita, ina ci, amma abincin ba ya kama jikina." An riga an san ciwonsa: fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, mai fitar da insulin da ruwan narkar da abinci, ta lalace. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasashe masu zafi. Tun 1960 likita Shaper ya bayyana irinsa a Yuganda, mai kama matasa da ciwon ciki da ciwon suga, har tsakuwa ta taru a cikin gaɓar.

An ba shi ƙwayoyin da ke maye gurbin ruwan narkarwar, yana sha kan ƙa'ida, amma zawo bai tsaya ba. A nan ake gane gwani. Wani zai ƙara yawan maganin ya sallame shi, shi kuwa gwani sai ya gyara zama ya shiga tambaya. "Malam, bayan gidan yana da maiƙo? Yana tasowa saman ruwa? Tusa ta yi yawa? Kana shan Tramol saboda ciwon?" Ya san abincin da bai narke ba liyafa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma ciwon suga da magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna sa hanji ya yi nawa. Sai ƙwayoyin da asalin gidansu babban hanji ne su cika ƙaramin hanji, su riƙa cinye rabon mai jikin.

Kafin ya kama sunansu, sai ya kore masu kama da su. A duba bayan gida ko akwai giyardiya ko tsutsa, a yi tunanin tarin fuka na hanji. A jini ma akwai alama mai ban sha'awa: bitamin B12 ya yi ƙasa saboda ƙwayoyin suna cinye shi, folet kuwa ya hau saboda su ke ƙera shi.

Sai gwajin numfashi. Jikin ɗan Adam ba ya yin iskar haidurojin, ƙwayoyin hanji ne kaɗai ke yin ta. Don haka ake ba mutum giram 75 na gulukos a ruwa, ya riƙa hurawa a na'ura duk bayan minti 15 ko 20. Bisa matsayar da ƙwararrun Arewacin Amurka suka fitar a 2017, idan iskar ta ƙaru da kashi 20 cikin miliyan a cikin minti 90, an kama ɓarawo.

Wuyar aikin duk tana wajen shiri. Jajiberin gwaji babu wake, babu ƙosai ko alale, sai farar shinkafa da kifi ko ƙwai, sannan a kwana ba a ci komai ba. Babu taba da safe. Mai ciwon suga kuma a sa masa ido kafin a ɗura masa zaƙi. Babbar tambaya ita ce, "Ka sha Flagyl a 'yan makonnin nan?" Kowa ya san yadda ake shiga kemis a Tunga ko Chanchaga a nan Minna a sayi wannan maganin ƙwayoyin cuta da zarar ciki ya murɗa. Wanda ya sha, sai ya jira mako huɗu, in ba haka ba na'ura za ta wanke mai laifi.

Inda babu na'urar, gwani kan ba da maganin ƙwayoyin cuta na 'yan kwanaki, ya rubuta nauyin majiyyaci, ya ce ya dawo. Ranar dawowa, kafin mutumin ya buɗe baki, likita ya riga ya kalli sikeli.