Ɗan Majalisa Tsakanin Shura da Mazalim: Tsokaci a kan Wani Ƙiyasi da Ya Yaɗu

Da wuya a karanta maƙala ko a saurari lacca a kan matsayin majalisar dokoki a mahangar Musulunci ba a ji an ɗora ta a kan shura ba. Akan kawo aya ta 38 ta Suratus Shura da ta 159 ta Ali Imrana, a ambaci shawarar da Manzon Allah (SAW) ya yi da sahabbansa gabanin Badar da Uhudu, sannan a yanke cewa 'yan majalisa su ne ahlul halli wal aƙdi na wannan zamani. Ƙiyasin ya yi amfani a lokacinsa, domin da shi aka amsa wa masu ganin shiga majalisa haramun ne ɗungurungum. Sai dai ya tsaya a rabin hanya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda talaka ya fi buƙata.

Shura tana zuwa ne kafin aiki. Shugaba ne ke nemanta, mai ba da ita yana magana idan an tambaye shi, kuma har yau malamai na da saɓani a kan ko sakamakonta yana lizimtar shugaba. Amma kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ɗan majalisa wani aiki da ba ya jiran gayyata. Sashe na 80 ya hana fitar da kuɗi daga asusun tarayya sai da amincewar majalisa. Sashe na 85 ya sa Babban Mai Binciken Kuɗi ya miƙa mata rahotonsa. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincikar ma'aikatu da kiran shaidu domin bankaɗo almundahana da almubazzaranci, kuma majalisun jihohi suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129. Wannan muhasaba ce, kuma babinta a fiƙihu daban yake da na shura.

Wanda ya buɗe Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Imamu Mawardi (ya rasu a shekara ta 450 Hijira) zai sami babin a ƙarƙashin wilayatul mazalim. Mawardi ya lissafa abubuwa goma da mai riƙe da wannan muƙami ke dubawa. Na farkonsu su ne zaluncin gwamnoni a kan talakawa, da wuce iyakar masu karɓar haraji, da aikin marubutan diwani waɗanda ke riƙe da lissafin shiga da fitar dukiya. Bayansu sai koken sojoji idan an rage musu albashi ko an jinkirta shi, sai mayar da dukiyoyi da filayen da masu iko suka ƙwace. Baitulmali da tsaro da ƙasa ke nan a jere. Abin lura kuwa shi ne, ya bayyana cewa ukun farko ba sa buƙatar mai ƙara: wajibi ne a bi diddiginsu ko da babu wanda ya kawo kuka. Ɗan majalisar da ke cewa ba a kawo masa ƙorafi ba, a wannan ma'auni, bai kawo uzuri ba.

Dole a yarda cewa wannan ƙiyasin ma yana da bambanci a cikinsa. Walin mazalim sarki ne ke naɗa shi, kuma yana yanke hukunci ya zartar. Majalisa kuwa jama'a ke zaɓenta, iyakarta ta bincika, ta tona, ta gyara doka, hukunta mai laifi aikin kotu ne. Amma tana riƙe da abin da walin mazalim bai taɓa riƙewa ba, wato bakin jaka. Wanda sai da sa hannunsa ake buɗe baitulmali ba zai iya cewa shi mai ba da shawara ne kawai ba.

A nan ne illar ƙiyasin shura ta fi fitowa. Tun da an ɗauki ɗan majalisa a matsayin dattijon da ake shawara da shi, sai aka rasa abin auna shi da shi, har aka koma auna shi da alheri: rijiyoyin burtsatse nawa ya haƙa, babura nawa ya raba, buhun shinkafa nawa ya kai masallatai da azumi. An shafe shekaru da dama a baya ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya domin ayyukan mazaɓu, kuma a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi kukan cewa an ware kimanin tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba a ga tasirinta a jikin talaka ba. Matsalar a fiƙihance ta wuce maganar ɓarna. Malaman Malikiyya ba sa karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. To, ina ga wanda aikin mazaɓarsa ke ɓoye cikin kasafin wata ma'aikata, yana jiran shugabanta ya sakar masa kuɗi, sannan gobe ya zauna a kujerar kwamiti yana tuhumar wannan shugaban? Hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakkar da ya ware wani kaso ya ce kyauta aka ba shi, Annabi (SAW) ya tsawatar a kan mumbari, ya shafi duk wani abin hannu da ke biyo bayan ziyarar sa ido. Shehu Usmanu ma, a Kitabul Farƙ, ya saka gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya yi inkari.

Maganar ƙasa ta fi wannan sarƙaƙiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a. An ɗaure dokar a jikin kundin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Kalmar amana a nan ba ado ba ce, kuma amintacce ana tambayarsa. Lokacin da Sayyidina Umar ya keɓe hurumin kiwo, ya umarci ma'aikacinsa Hunayyu ya shigar da masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan, ya hana garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su suna da gonaki da dabinon da za su koma wa. Riwayar tana cikin Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari. Wannan ita ce maslahar da shari'a ta sani: ta raunana ce ke gaba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba mai ita. Duk da wannan gado, rubuce-rubucen da ke ɗora majalisa a kan shura ba su cika tambayar abin da majalisun jihohin Arewa suka yi ba a shekarun da ake yanka burtali da wuraren kiwon da dokar 1965 ta tanada ana mayar da su gonakin masu hali. Jinin da ya biyo baya a Zamfara da Katsina yana da sabubba da yawa, amma wannan yana cikinsu.

Tsaro kuwa shi ne inda ake rufe bakin mai tambaya da kalmar sirri. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa abin da ake kashewa da sunan kuɗin tsaro na musamman ya kai dala miliyan 670 a shekara, galibinsa ba a bin diddiginsa. Ɓoye dabarun yaƙi sunna ce tabbatacciya. Manzon Allah (SAW) yakan sakaya inda ya nufa idan zai fita yaƙi. Amma shi ne kuma ya tsananta a kan gululu, wato ɓoye wani abu daga ganima, har ya ƙi yi wa wani salla saboda 'yan duwatsun ado da ba su kai dirhami biyu ba. Sirrin hanya daban, sirrin lissafi daban. Majalisa tana iya zama a asirce ta karɓi lissafin ba tare da abokan gaba sun ji ba, kuma abu na huɗu a jerin Mawardi, wato alawus ɗin sojan da ke daji ko ya isa hannunsa ko bai isa ba, tambaya ce da kwamitin tsaro ke da ikon yi a kowane zama.