Bikin Fina-finai na Goa: Taga a Buɗe, Sakata a Hannun Hukuma

Mu da muka tashi da kallon Mother India da Sholay, muna ɗauka mun gama sanin fim ɗin Indiya: soyayya, rawa a gindin dutse, sannan jarumi ya ga bayan mugu. Bikin fina-finai na duniya da ƙasar ke shiryawa a jihar Goa duk watan Nuwamba, wanda ake kira IFFI, yana nuna mana cewa bakin kogi kawai muka tsaya.

An fara bikin a Bombay a 1952, ya koma Goa a 2004. Tun zaman farko aka ga amfaninsa. A nan masu shirya fim na Indiya suka kalli Bicycle Thieves, fim ɗin Italiya a kan talakan da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi. Shekara guda bayan haka Bimal Roy ya fitar da Do Bigha Zamin, labarin manomin da bashi ya kora birni yana jan amalanken ɗaukar mutane don ya fanshi gonarsa. Kallon na baƙo ne ya koya masa duban na gida. Sashen Indian Panorama kuwa, da aka buɗe a 1978, yana ba fina-finan harsunan Malayalam da Bengali da Marathi fili, waɗanda kasuwar Bombay ke danne muryarsu.

Sai dai bikin na gwamnati ne, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ke riƙe da shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2017 alƙalai suka zaɓi S Durga da wani fim na harshen Marathi, ma'aikatar ta zare su daga jerin. Shugaban alƙalan, Sujoy Ghosh, ya ajiye muƙaminsa. Babbar kotun Kerala ta ce a nuna S Durga, amma har aka tashi daga bikin ba a nuna shi ba.

A 2022 kuma aka shigar da The Kashmir Files gasa, fim ɗin da jam'iyya mai mulki ta yi ta yabawa. Daren rufe biki, shugaban alƙalan gasar, Nadav Lapid ɗan Isra'ila, ya tsaya a gaban manyan jami'ai ya kira shi farfaganda wadda ba ta cancanci wurin ba. An yi masa ca. A ganinmu, ko da mutum bai yarda da hukuncinsa ba, abin da aka gayyato shi ya yi ke nan. Alƙalin da ba zai faɗi ra'ayinsa ba ɗan rakiya ne.

Wannan ya shafe mu. Kannywood ta ɗauko waƙa da rawa daga Bombay, ta bar irin su Satyajit Ray, wanda ya girgiza duniya da labarin yara biyu a ƙauye a Pather Panchali. Kuma mun san yadda fim ke zama idan almakashin hukuma yana jiransa. Duk ranar da muka tashi gina babban biki namu, abu biyu za mu koya daga Goa: mu buɗe wa fina-finan duniya ƙofa, mu kuma bar wa alƙalai zaɓinsu.