Sharhi Kan Matsayin Muhammadu Al-Kashnawi A Fagen Lissafi

Tun da Claudia Zaslavsky ta ambaci Muhammadu Al-Kashnawi cikin littafinta Africa Counts a 1973, ake nuna wannan Bakatsine tamkar gwanin da ya tashi shi kaɗai. A ganinmu wannan kuskure ne. Ilmin hatimi, wato jera alƙaluma cikin gidaje yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya karɓo shi ne daga Malam Muhammadu Bindu. Ya rubuta littafinsa a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Al-Jabarti, masanin taurarin da ya ɗauki wannan ilmi wurinsa. Har yau malaman zaure a Rano da Kibiya suna zana hatimi. Ya kamata a gwada ƙa'idarsu da tasa.