Kundin Ɗalibin Zane a Matsayin Kirari

Kundin da ɗalibin zane ke haɗawa don neman aiki, wato katin suna da tambari da samfuran ayyukansa, kirari ne cikin sigar hoto. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, amma ya yarje wa ɗan dambe ya wasa kansa, domin nan take zai shiga fage a gani. A nan ne yawancin kundayen ke gazawa: yabo ya yi yawa, zanen kuwa aro ne daga intanet. Ƙungiyar ɗalibai masu zane ta Zariya, wadda su Uche Okeke suka kafa a 1958, ta shahara ne saboda narka fasahar gida cikin ta Turai. Mai ɗaukar ma'aikata aikin hannu yake nema, ba zaƙin baki ba.